Hoton da Kawu Ya Ƙi Buɗe wa Ido

Shagon ɗaukar hoton Dogo ɗaki ne guda a jikin gidan kawunsa. Farin ƙyalle a bango, kujera mara majingini, fitila a kan sanda, sai injin buga hoto da sai ya yi tari kafin ya tofo takarda. Wata shida Kawu ya ba shi ya gwada sa'arsa. Ran Talata wa'adin ya cika, ga kuma wani mai facin taya da ya daɗe yana lashe baki a kan ɗakin.

Ranar Kawu ya shigo da ƙafarsa, riga ta sha guga, gemu ya sha taza. Tsohon soja ne, har yanzu ko zama zai yi sai ka ce an ba shi oda. Ofishin fansho na son sabon hoto, sau biyu suna dawo masa da wanda ya ɗauka a wani wuri, wai idanunsa a rufe suke. Bai yi wani kwana-kwana ba. In Dogo ya fitar da hoton da ido yake a buɗe, ɗaki ya zama nasa. In ya kasa, ya naɗe ƙyallensa.

Mahaifiyar Dogo, ƙanwar Kawu, ta biyo bayansa, wai iskar fanka ta zo sha. Ta samu benci ta gyara zama kamar mai jiran a fara wasa.

Dogo ya yi yadda ya saba yi wa kowa. Ya ɗaga masa haɓa, ya daidaita kafaɗa, ya koma bayan kyamara.

"Kawu, zan ƙirga uku. Kada ka ƙifta."

Kawu ya ce shi da ya yi awa huɗu a fareti ƙuda na yawo a hancinsa bai motsa ba, ba ɗan akwatin yara ne zai sa shi ƙiftawa ba.

Ɗaya, biyu, uku. Fitila ta walƙa. Dogo ya duba. Ga Kawu nan kamar mai gyangyaɗi a motar haya.

Aka sake. Aka kuma sakewa. A na biyar ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya ƙi, hoton ya fito kamar Kawu na kashe wa wata ido.

"Yaya, ko a kawo maka matashi?" in ji Mama.

Kawu ya ce fitilar ce ta jabu. Aka kashe fitila, aka buɗe taga. Ya ƙifta. Dogo ya yi masa wayo ya danna a kan biyu, Kawu ya gane, ya koma ƙiftawa a kan biyu, ya kuma ce an yi masa maguɗi. Kafin a kai na goma sha biyu idanun sun kawo ruwa, suna ƙifce-ƙifce tun ba a fara ƙirga ba.

Dogo ya juya baya, wai yana gyara waya. Tun safe yake ce wa kansa kada hannu ya yi rawa a gaban Kawu, hannun kuwa sai kaɗawa yake kamar na mai zazzaɓi. Yanzu da ya shagala da wayar ya manta da shi, ga shi ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon hannun. Ashe abin da ka kafa wa ido don kada ya faru, kiransa kake yi. Kawu ba ya tunanin komai a duniya sai fatar idonsa, kuma shi Dogo ne ya ɗora masa.

In ya ce masa ya manta da idon, ya sake tuna masa ke nan. Amma akwai abu ɗaya da duk dangi suka sani: Kawu bai taɓa yin abin da na ƙasa da shi ya ce ba. Likita ma da ya ce ya riƙa hutawa da rana, daga asibiti gona ya wuce.

Dogo ya juyo, ya sassauta murya kamar mai duba mara lafiya.

"Kawu, kada ka takura kanka. Shekaru ne, fatar ido ta gaji. Ƙifta abinka. Ƙifta da kyau, ni zan jira."

Mama ta kalli ɗanta, ta gano inda aka dosa.

"Gaskiya ne, Yaya, ji maganar yaro. Rufe su ma gaba ɗaya ka huta."

Wuyan Kawu ya miƙe. Gemu ya yi gaba.

"Ni? Ni za ka ce wa in ƙifta? Yaron da na goya?"

Ya zare wa Dogo ido, irin zarewar da ta taɓa sa kurata fitsari a wando. Dogo bai ƙirga komai ba. Ya danna sau uku.

Injin ya yi tarinsa, ya tofo takarda. Idanu biyu tarwai, kamar ya kama ɓarawo a ɗakinsa. Mama ta leƙa ta ce in ma'aikatan ofishin suka ga wannan sai sun miƙe sun sara masa.

Kawu ya riƙe hoton nesa, ya kawo shi kusa. Ya ce an ƙara masa hanci. Ya ce wuyan rigar ya karkace, kuma laifin mai ɗauka ne. Sannan ya sa shi a aljihun gaba, ya maɓalle.

A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga kai yana duban bangon waje.

"Wata shida, ko allo babu. Ta yaya mutane za su san ana aiki a nan? Nemo mai fenti ya rubuta da manyan baƙi. Kwana biyu na ba ka."