Tulun da Ya Ƙi Yin Gumi

Shekara biyu Ikilima ta ba tuluna zuciyarta. Binciken digirinta na biyu ke nan: a binne tulu a gindin barkono, a cika shi da ruwa, ya riƙa tsattsafo wa saiwa idan damina ta yi gardama. A gonar gwaji abin ya yi. Amma a wani ƙauyen Kwali, inda ƙungiyar da ta yi mata alkawarin aiki ta kai shi, barkonon ya bushe ƙurmus.

"Rubuta cewa matan ƙauyen ba su zuba ruwa ba," in ji Oga Edward, shugaban shirin. "Jibi masu tallafi za su zo. Ki sa hannu, takardar aikinki tana durowata."

Ba ta sa ba, ta hau motar Kwali.

Mama Christina, wadda ta gina tulunan, ta tafa hannu.

"Yarinya, ogan naki ya ce yana son mai ƙyalli, don hoto. Na yayyafa makuba tun suna da zafi. Tulu ya sha makuba, ina zai yi gumi? Na faɗa masa, ya ce wane aji na gama."

Makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, mai toshe jikin yumɓu! Ashe kullum matan nan suna ɗebo ruwa daga rafi, suna ɗura wa tulunan da ba sa saki. Idon Ikilima ya ciko, ba ta bari ya zubo ba.

Ranar taro ta dire tulu biyu cike da ruwa a kan teburin ofis, ɗaya mai sheƙi, ɗaya marar makuba, mai kaushi kamar fason ƙafa.

"Ikilima, nan kasuwar Kado ce?" Oga ya ce, yana yaƙe.

"A'a, Oga. Rahoton da ka ce in rubuta ne."

Ya yi ta jawabi, baƙi na kallon teburin. Kafin ya kai shafi na uku, jikin mummunan tulun ya yi raɓa, ruwa ya gangaro ya jiƙa takardunsa. Mai sheƙin ko ɗigo.

"Wanne aka kai ƙauyen?" wata baƙuwa ta tambaya.

Oga ya dafa durowarsa yana kallon Ikilima.

"Riƙe abarka, Oga," ta ce. Ta ɗora hannu a kan mai sheƙin. "Wannan. Kuma matan sun zuba ruwa."