Babu Wanda Ya Taɓa Shi

Bayan farin tamanin da huɗu ya share awakin Garhanga, mata suka koma kiwon ɓeran Masar. Wani ɗan cin rani ne ya fara kawo su daga kudu, aka ga ba su da ci, ɗan harawa da ɓawon kabewa sun ishe su, ga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Matar da a da take taƙama da awaki goma, yanzu sai ka same ta tsugune bakin ɗan akurki tana yi wa ɓera kirari. Abin dariya ne, sai dai babu mai ƙoshin da zai yi dariyar.

Tabawa tana da biyu kacal, namiji da mace, tun suna 'yan mitsi-mitsi suka tashi tare a gindin rumbunta. Ita ma zaman nata haka yake. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan gona, nesa da gari, ita da ɗanta Illa. 'Ya'ya huɗu ta binne kafin shi, don haka da ya tsaya da ƙafarsa ta rufe shi kamar tukunyar mai. Bai je dandali ba, bai shiga kokawa ba, bai taɓa kwana a ɗakin samari an ture shi ya rama ko ya haƙura ba. Mutane sun yi ta surutu. Amma duk wadda ba ta binne huɗu ba, ta kama bakinta. Illa ya girma, ƙato, mai aiki kamar sa, mai ƙarancin magana. Da aka aura masa Furera, ita kaɗai ce ke iya sa shi dariya.

Wata safiya Kulu ta zo da ƙwarya. Kulu matar Almu ce, ƙanen marigayi mijin Tabawa, mai babban gida a tsakiyar gari.

"Yaya, aron namijin kusunki niz zo yi. Namu sun yi yawa, amma ɗiyan da sunka haihwa duk ƙanana na. Naki ko ga shi ƙato."

A ƙasar Adar, inda Garhanga take, ba a hana aron namijin dabba. Bunsuru ko rago, in maƙwabci ya nema, a ɗaura masa igiya a miƙa, macen kuwa ta zauna gida, don ba ita aka zo nema ba. Haka iyaye suka yi da awaki, haka Tabawa ta yi da ɓera. Ta ɗauke shi daga gefen matarsa ta saka a ƙwarya, macen na ta tsuwa tana zagaye wurin.

Akurkin Kulu cike yake, maza da mata sun fi ashirin, kowa ya san matsayinsa. Ƙananan mazan cikinsu, in babba ya taso yana kaɗa haƙora, sai su kauce, shi ke nan magana ta mutu. Baƙon bai san wannan ba. Kowane namiji ya gani sai ya tasar masa, kowace mace sai ya bi ta. Ya yi faɗa har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya shige kusurwa ya juya fuska ga bango. Ba su sake kula shi ba. Aka zuba harawa a gabansa, bai ko shinshina ba. Kafin kasuwa ta zagayo, Kulu ta dawo da shi cikin ƙwaryar da ta ɗauke shi, a sandare, ba nauyi.

"Wallahi Yaya, ba wanda yat taɓa shi. Diba jikinai, ko ƙwarzane babu."

Tabawa ta juya shi. Gaskiya ne, ko ƙwarzane babu. Abin ya tsaya mata a rai, ba don naman ba. Ranar da Mushe Haruna, malamin dabbobi mai laƙabin Faransanci, ya zo daga Keita duba sauran tumakin da suka rage, ta tare shi ta ba shi labari, tana tambaya ko cuta ce, ko sammu.

"Ba cuta ba ta, Inna," in ji shi. "In tsoro ya kama dabba, akwai wani ruwa da jiki ka saki cikin jini, shi ba ta ƙarhin gudu ko hwaɗa. In tsoron ya wuce, ruwan shi kwanta. In bai wuce ba, shi ka cinye ta daga ciki. Wanda yat tashi cikin taro ya koyi inda za shi kauce, jininai bai tashi don kowane baƙo. Naki bai san kowa ba sai matatai. Da kin kai su tare, da da sauƙi. Ganinta kaɗai na kwantar mai da jini."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, bai san abin da ya bari ba. Tabawa ta koma gida ta tarar da Illa na gyaran danga, Furera na miƙa masa kara tana tsokanarsa. Ta tsaya tana kallonsu.

Kaka ta zo, gero bai kai rabin rumbu ba. Almu ya zo da kansa, ya zauna a tabarma, ya ce bana da Illa za a tafi Abijan. Duk mazan gidan za su, suna da ɗaki a can inda 'yan Garhanga ke kwana jere, su yi dako da sayar da shayi. Ba shawara ya zo yi ba. Shi ne uba yanzu, kuma yunwa na bayansa.

"To shi tai da Furera," in ji Tabawa.

Almu ya ɗaga kai. "Da wa? Yaya, wa kit taɓa ji ya tai cin rani da mace? Ɗaki guda na, maza talatin. Ina za mu aje ta?"

Ta ba shi labarin abin da Mushe Haruna ya faɗa, tun daga ruwan da ke cikin jini. Ba ta kai ƙarshe ba Almu ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Don kusu? Ɗan ɗan'uwana kika gwadawa da kusu? Ai zaman ga da kika yi da shi shi al lalata shi. Bari shi shiga cikin maza shi zama mutum."

Abin haushin, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma Tabawa ta sani. Sai dai gaskiyar ta makara da shekara ashirin. Aka ɗora Illa a bayan kamyo, babbar motar kaya, da jakarsa, Furera ta tsaya gida, don ba ita aka zo nema ba.

Labarin da ya riƙa zuwa ta bakin masu dawowa guntu-guntu ne. An ce da farko Illa ya yi ta rigima, wai an taka masa tabarma, wai an kalle shi. Daga baya aka ce ya yi sanyi, har ana yaba hankalinsa. Wannan yabon ne ya fi tsorata Tabawa.

Gab da damina Almu ya dawo da shi, yana riƙe da hannunsa kamar makaho. Riga ta yi masa yawa. Bai gaida uwarsa ba. Ya shige ɗaki, ya wuce gado, ya zauna a kusurwa ya juya fuska ga bango. Furera ta bi shi da gudu, ta durƙusa, ta dafa kafaɗarsa tana kiran sunan da take tsokanarsa da shi. Ya janye jiki ya ƙara matsewa cikin bangon.

Almu ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula.

"Mun kai shi likita, an ce ba shi da komi. Wallahi Yaya, ba wanda yat taɓa shi."

Tabawa ba ta ko dube shi ba. Ta dama fura ta kai ta ajiye a gaban ɗanta, duk da ta san ba zai sha ba.

"Na sani," ta ce. "Ko ƙwarzane babu."