Gurbin Dalton

Ranar da ɗan ƙwallon kwandon nan Marquel Dunaway ya ce jami'ar Weldon zai zo, Rhonda Kessler tana shagon yayanta, inda ake sayar da iri da abincin dabbobi, tana auna wa wata mata irin wake. Watan Afrilu ne, lokacin da manoma ba su da sukunin tsayawa hira, amma tun da rana ta karkata babu wanda ya sayi abu ya fita. Duk sun yi cirko-cirko a gaban rediyon da ke kan teburin ciniki.

Yaron yana can Memphis, a zauren wasan makarantarsu, an jera masa hulunan jami'o'in da ke zawarcinsa. Mai rediyo kuwa yana faɗin abin da yake gani, muryarsa har rawa take yi. Ga shi ya miƙa hannu. Ya tsallake ja. Ya taɓa shuɗiya, ya saki, yana dariya. Ya ɗauki koriya, ta Weldon!

Shagon ya kaure da ihu. Wani ya yi jifa da hularsa har ta maƙale a fanka. A waje motoci suka shiga danna ham kamar ana kai amarya. Rhonda ma ba ta san lokacin da ta saki mudun wake ta rungume matar da ba ta ko san sunanta ba. Tun tana 'yar ƙarama mahaifinta ke kai ta kallon ƙwallon kwando na jami'ar Weldon, kuma shekara goma sha wani abu ke nan rabon ƙungiyar da shiga babbar gasar watan Maris. Yau ga yaron da manyan jami'o'i suka yi ta rububinsa ya zaɓi ƙaramin garinsu, mai cike da gonakin masara da coci-coci.

"Ai mun huta!" in ji Gene Lauderback, tsohon direban motar madara, yana dukan tebur da tafin hannu. "Yanzu ne muka samu mai raba ƙwallo na gaske. Ba irin wanda kafin ya tsallake rabin fili ka je ka sayo gugguru ka dawo ba..."

Sai idonsa ya sauka a kan Rhonda.

Mai raba ƙwallon Weldon shekara uku ke nan, ɗanta ne, Dalton.

"Ba haka nake nufi ba, Rhonda," ya ce, yana murza hularsa. "Yaron kirki ne. Kowa ya sani."

"Na ji ka, Gene. Buhu nawa ka ce za a ɗora maka?"

Ta durƙusa tana tsince waken da ya watse, ƙwaya ɗaya-ɗaya, ko da yake tsintsiya na nan kusa da ƙafarta. Abin da ya fi damunta ba maganar Gene ba ce. Ita da kanta ta yi ihun nan, da dukkan ƙarfinta, kafin ta tuna gurbin wa yaron zai cika.

Da aka tashi daga aiki ta biya gidan mahaifinta, Merle, da tukunyar wake da burodin masara. Ta same shi a kan kujerarsa ya sa tsohuwar koriyar rigarsa, wadda ba ya sa ta sai ranar wasa. Rediyo na ta kwarmato, masu kira suna layi. Wani ya ce zai raɗa wa karensa suna Marquel. Wata ta ce tun safe take kuka. Wani kuma ya ce ai sai a gode wa ɗan Kessler a nuna masa benci, ya yi iya yinsa, iya yinsa ne dai bai kai ba.

Rhonda ta kashe rediyon.

"Baba, jikanka ake ci wa mutunci kana zaune ka sa riga?"

"Ina son jikana," tsohon ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Ni na koya masa jefa ƙwallo a bayan rumbun can. Amma na ga yaron nan a talabijin, Rhonda. Abin da yake yi da ƙwallo, ban taɓa gani ba a koriyar riga. Na haura tamanin. Ina so in ga an kira sunan Weldon a watan Maris sau ɗaya kafin a kai ni kusa da uwarki. Laifi ne?"

Ta zuba masa abinci, ta ɗauki jakarta.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi abin da ta sha hana Dalton yi, wato karanta abin da magoya baya ke rubutawa a waya. Da yawansu ta san su. Ga matar da ke yi mata gyaran gashi, ga malamin da ya koyar da Dalton lissafi. Ba mugayen mutane ba ne. Su ne suka cika mata firiji da abinci lokacin da mijinta ya rasu. Su ne kuma yanzu suke maganar ɗanta kamar tsohuwar tarakta da za a tura bayan gida tunda sabuwa ta iso. Kafin Lahadi ta gama yanke shawara: Dalton ya nemi wata jami'a, ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe inda za a san darajarsa.

Ranar Lahadi bayan coci Dalton ya zo cin abinci, ya ɗauko kakansa a hanya. Tun daga ƙofa suke tsokanar juna.

"Tsoho, na ji an ce har riga ka sa don murnar an kore ni."

"Kai dai ka gode Allah ban yi rawa ba. Gwiwa ce ta hana."

Rhonda ta bari sai da suka ci rabin kazar, sannan ta ajiye cokali ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce akwai jami'o'i a Ohio da Kentucky da za su karɓe shi hannu bibbiyu. Ta ce bai kamata ya zauna a benci yana tafa wa yaron da ko gemu bai fito masa ba.

Dalton ya juya dankali a faranti.

"Mama, kin san wa ya zaga da shi lokacin da ya kawo ziyara a watan Janairu?"

"Ina zan sani?"

"Ni ne. Koci ya kira ni ofis ya gaya mini gaskiya, ya ce in yaron ya zo, gurbina zai ɗauka, kuma in ba na so in yi masa rakiya zai ba wani. Na ce ni zan yi. A ɗakina ya kwana. Da zai tafi ya tambaye ni, ya ce in ya zo, zan tsane shi? Na ce masa ya zo."

Merle ya daina tauna.

"Don me?" Rhonda ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Don na gaji da shan kashi. Shekara uku ina jin yadda zauren wasan nan ke yin tsaki in na ɓarar da ƙwallo. Na san iyakata, Mama, tun kafin su Gene su sani. Akwai abin da nake gani a fili, na san inda ya kamata ƙwallon ta je, amma ƙafata ba ta kai ni. Shi tasa tana kai shi." Ya ɗago ya dube ta. "Kada ki ɗauka bai yi mini ciwo ba. Ranar da ya ɗauki hular nan, a mota na zauna bayan ɗakin karatu na kasa fitowa. Amma ba zan je Ohio in sa rigar da ba ruwana da ita ba."

Rhonda ta tashi ta shiga kicin wai za ta ɗauko kofi. Ta daɗe a gaban famfo, ruwa na zuba, ba ta tara komai ba.

A watan Yuli Dalton ya kawo Marquel gida cin abinci. Rhonda ta shirya ganin wani mai ji da kai, sai ga dogon yaro siriri, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa saboda tsohon karensu da ko haushi ya daina yi. Komai ta ce sai ya ce, "To, Mama," yana sunkuyar da kai. Ya ci abinci kamar wanda ya kwana biyu bai gani ba, sannan ya nemi izini ya ɗauki hoton farantin ya tura wa kakarsa, don ta yarda ana ciyar da shi.

"Mutanen garin nan suna sonka," Rhonda ta ce, tana gwada shi.

"Eh, Mama. Jiya wani ya tsayar da ni a gidan mai, ya ce mahaifinsa na asibiti, ni yake jira." Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. "Ko wasa ɗaya ban buga ba tukuna."

Aka shiga kakar wasa a watan Nuwamba. Yaron ya iya, wannan ba gardama. Akwai ranakun da zauren ke miƙewa tsaye gaba ɗaya, har Merle da sandarsa. Akwai kuma ranakun da ƙuruciya ke kama shi, ya yi ta jifa ba ta shiga, ya yi ta ba abokan gaba ƙwallo. A irin ranakun nan koci kan juya ya nuna Dalton, shi kuma ya shiga ya kwantar da wasan, ya fito ya zauna kusa da yaron yana yi masa magana a kunne. A watan Janairu suka sha kashi sau uku a jere, aka fara cewa an zuzuta yaron ne kawai, wasu har suna tambayar me ya sa ba a barin ɗan Kessler a fili. Rhonda ta zaci jin haka zai yi mata daɗi. Bai yi ba.

Wasan gida na ƙarshe ya faɗo ranar Asabar da rana, ranar da ake karrama 'yan wasan da za su kammala. Rhonda ta taka tsakiyar fili riƙe da hannun Dalton, Merle a ɗaya gefen. Zauren ya miƙe. Ta hango Gene yana tafi da hannuwa sama, yana kiran sunan ɗanta har muryarsa ta dishe. Ta dube su, mutanen da ta sani tun haihuwa, ta ga da gaske suke yi. Da gaske suke yi a watan Afrilu ma. Garin suke so, da rigar, da abin da za su riƙa faɗa wa juna a shago in sanyi ya yi tsanani. Yaran kuwa zuwa suke yi su wuce. Ba ta ce ta yafe ba, amma ta ɗaga musu hannu.

Suka ci wasan da ƙyar. Mako biyu bayan haka za su faɗi a wasan da zai kai su babbar gasa, da tazarar kwando ɗaya, kuma Merle zai ce ba komai, ya ga abin da ya isa ya jira baɗi. Amma a ranar nan ba wanda ya san haka, gari ya cika da murna.

Da aka watse dusar ƙanƙara ta fara sauka. A bakin ƙofa Rhonda ta ga wata dattijuwa cikin babban kwat da hular coci, tana ta latsa waya tana neman motar haya. Tsayin wuyan da yanayin haɓar kaɗai sun isa ta gane jinin wa ce.

"Ke ce kakar Marquel?"

"Odessa Dunaway. Ke kuwa ba sai an faɗa mini ba, na ga farantinki a hoto."

"Taho in kai ki masauki. Motar haya a garin nan sai an yi sa'a."

Suka shiga mota, suka bi layin da ke tafiya kamar ba ya so. Odessa ta cire safar hannu ta kara tafukanta a inda iska mai ɗumi ke fitowa.

"Ɗanki ya riƙe mini yaro," ta ce. "Kullum in mun yi waya, Dalton ya ce kaza, Dalton ya ce kaza. Na san abin da zuwansa ya jawo muku. Ban san me zan ce miki ba."

"Ba sai kin ce komai ba. Ya ya kika ga wasan?"

Tsohuwar ta yi dariya. "'Yar nan, ni ina na ga wasa? Tun yana ɗan shekara tara ban taɓa bin ƙwallo da ido ba. In ya yi tsalle, ƙafarsa nake kallo har ta sauka ƙasa lafiya. Sai na ji ihu nake sanin ta shiga."

"Ni ƙafar Dalton ta hagu nake kallo," in ji Rhonda. "Ya taɓa karya ta a sakandare."

"Tasa ta dama ce. Idon sawu."

Wani ɗan sanda ya ɗaga musu hannu su wuce. Rhonda ta kai mararrabar da za ta karya zuwa masaukin baƙi, ta ɗan rage gudu, ta dubi matar.

"Kin ci abinci kuwa?"

"Gugguru na ci, mai tsadar tsiya."

"To masauki ya jira. Akwai miya a kan wuta a gida, kuma yaran nan duk inda suka zaga, can za su ƙare."

Ta kunna sigina, ta karya hagu.