Abin da Ƙasa Ta Ci

Ranar da kwana ɗari da tamanin suka cika da binne ledojin, da hantsi, Dakta ta durƙusa a bakin rami na farko a bayan ɗakin gwaji, tana fatan kada ta tarar da komai.

Tun shekarar 1907 da aka fara haɗa roba, masana ke ta fafutikar ganin ta daɗe. Ita kuwa shekara huɗu ta shafe tana neman ledar da za ta ruɓe. Ta yi haɗi goma sha biyu daga sitacin rogo, ta binne kowanne a raminsa. Ranar Litinin kwamitin jami'a zai zo. In babu wanda ƙasa ta ci, za a mai da ɗakin sito.

Kawunta, wanda ke kula da injin narka roba na jami'ar tun tana firamare, shi ke haƙa. Ledar farko ta fito garau. Haka ta biyu, haka ta goma sha biyu.

"Wannan kam har jikokinki sa je cefane da ita," in ji Kawu.

Ba ta yi dariya ba. "Karanto mini lambarta in rubuta."

Kawu ya lalubi alamar da aka ɗaura wa ledar. Wayar ɗaurin kawai ya samu, ta yi tsatsa. Suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Alamomin duk sun ruɓe, ko ɓurɓushi babu.

Dakta ta daɗe tana duban wayar.

"Kawu, da me ka yi alamomin nan?"

"Ba ke kika hana shigo da robar kanti ba? Ragowar da ke bokitin shara na narka, na yayyanka."

"Ragowar wane haɗi?"

"Duka. Har da wanda ya daskare a inji ranar da aka ɗauke wuta."

"Kashi nawa-nawa?"

"Haba 'yar nan, shara ake aunawa?"

"To, ina bokitin?"

"Na wanke shi tas. Ke kika ce ƙazanta ta yi yawa."

Ta jera wayoyin a kan faranti, ta kaɗe ƙasar gwiwarta, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta kwanan wata.

"Zauna, Kawu. Mu fara daga ranar da aka ɗauke wutar."

Kawu ya ture hula, ya sosa ƙeya.

"Wacce daga ciki?"