Ƙwayar da ke Ƙarƙashin Harshe

Enoch Shekari bai taɓa faɗuwa ba tun da uwarsa ta haife shi, amma a fayil ɗinsa na asibitin jami'a an rubuta cewa farfaɗiya gare shi. Ba kuskuren likita ba ne. Shi ya faɗa da bakinsa.

Mai ciwon uwarsa ce, Asibi, can Kutemeshi a gefen daji. Ya tashi yana ganin yadda abin ke zuwar mata: ta ce tana jin ƙaurin gashi, idonta ya kafe, sai ƙasa. Ya ga yadda mata ke watsewa a bakin rafi su bar ta tana shure-shure, wai kumfar bakin mai farfaɗiya in ta taɓa ka, ka ɗauka. Daddawarta ba mai saye sai baƙo. Yatsu uku na hannunta na hagu sun manne tun ranar da ta faɗa murhu. An sha jiƙo, fasto ya yi addu'a, wani malami a Dogon Dawa ya ba da rubutu, duk a banza. Babban asibiti kuwa tafiyar kwana biyu ne, kuma ta rantse ba za ta je ta faɗi a gaban mutanen birni ba.

Shekara biyu bayan yaƙin basasa Enoch ya shiga jami'a karatun aikin gona. A nan ya ga abin da ya hana shi sukuni: ɗalibi ya shiga asibiti, ya faɗi ciwonsa, a ba shi magani kyauta ya sa aljihu ya tafi. Mako guda yana juya abin a ransa. Rana ta takwas ya zauna gaban tsohon likita, ya ɗauko ciwon uwarsa ya yafa. Ya faɗi ƙaurin gashin, ya faɗi cizon harshe, ya faɗi nauyin kai bayan an farfaɗo. Wa zai fi shi iya bayani? Likita ya gyaɗa kai, ya rubuta.

Daga nan duk wata sai kwalbar 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi. Enoch ya naɗe ta a tsumma ya ba Haruna direba, mai lodin doya daga Dogon Dawa, shi kuma ya aika ta gida.

Shekara biyu cur Asibi ba ta faɗi ba. Ta koma saɓa ƙwaryar itace a kafaɗa kamar sauran mata, ta koma soya man kaɗanya ita kaɗai. Da 'yarta Selina ta haihu, mijin ya yarda aka ɗora mata jikan a baya, abin da ba ta taɓa sa rai ba. Ba ta san ta inda maganin ke fitowa ba. A ganinta duk ɗan boko haka ake ba shi, don haka ta raɗa masa suna Likita.

To, ni dai a duniya in na ji manya sun ce za su yi gyara, gabana faɗuwa yake. A shekara ta uku aka manna sanarwa a ƙofar asibitin. Hukumar jami'a ta miƙa lafiyar ɗalibai ga wani kamfanin inshora. Kamfanin ya duba ya ce magani na zurarewa waje. Saboda haka an yi sabon kati mai hoto, na ɗalibi shi kaɗai. Mai ciwo mai daɗewa ba za a ƙara ba shi kwalba ba. Kullum da safe ya zo tagar asibitin, a ba shi ƙwaya ɗaya da kofin ruwa, ya sha a gaban nas. Wanda ya yi fashin kwana uku a jere, a kai sunansa kwamiti. Wanda aka kama da ƙarya, kora.

Enoch ya karanta sau uku a tsaye. Tsohon likitan ya yi ritaya, sai ya shiga wajen sabon.

"Ranka ya daɗe, in mutum yana da 'yar uwa a ƙauye mai irin ciwon nan fa?"

"Iyali ba sa cikin tsarin," in ji likitan, bai ko ɗago ba. "Ta je asibitin garinsu."

Ya zaga kemis uku a gari. Kowa ya ce irin wannan magani sai da takardar likita, takarda kuwa yanzu ba ta fita daga jami'a.

Sai ya koma dabara. Sista Angelina, nas ɗin taga, ta miƙo ƙwaya, ya tura ta ƙarƙashin harshe, ya kurɓi ruwa, ya yi godiya. Ya zaga bayan ɗakin wanki ya tofa ta a takarda. Ɗaci kamar maɗaci, kuma kafin ya isa gefenta ya zagwanye. Ya shanya a tagar ɗakinsa, ta bushe, ya jefa a kwalin ashana. Haka ya yi mako uku, Haruna ya kai kwali ɗaya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ba naka ramin aka fara tonawa ba. Aka kama wani ɗalibi yana irin wannan da maganin tari. Washegari Sista Angelina ta miƙo kofi, ta tsaya tana kallonsa.

"Buɗe baki. Ɗaga harshe."

Ba muguwa ba ce, har haƙuri ta ba shi. Ya haɗiye. Ya ji ƙwayar tana sauka, ya ji kamar abinci ya fizge daga bakin uwarsa. A bayan ɗakin wanki ya tura yatsa maƙogwaro, ba abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci.

Ya zauna ya auna. In ya faɗi gaskiya, kora, babu karatu babu magani. In ya daina zuwa, kwamiti, duk ɗaya. In ya ci gaba, aƙalla ranar Lahadi wani tsohon ma'aikaci ke tsare tagar, shi kuma ba ruwansa da harshen kowa. Ƙwaya ɗaya a mako ke nan. Ya zaɓi wannan.

Wata huɗu lafiyayyen mutum yana shan maganin farfaɗiya. Barci ya zame masa sana'a. A aji, a gonar gwaji, har a kan kwanon abinci. Abokai suka sa masa suna Kasa, macijin nan sarkin barci, suna dariya, shi ma yana taya su. Ana cikin haka wasiƙar Selina ta zo. Mama ta faɗi sau biyu, ɗaya a kasuwa. Mijina ya ce kada a ƙara ba ta yaron. Kullum tana tambaya ko Likita ya yi fushi da ita ne.

Da dogon hutu ya zo aka karɓe katunan, wai inshora ba ta aiki a wajen zango. Aka ba masu ciwo takarda da Turanci da Hausa, su nuna a asibitin garinsu. Enoch ya cusa tasa a jaka, ya ƙirga abin da ke kwalin ashana. Goma sha bakwai.

Ya isa Kutemeshi damina ta kankama, rafi ya kawo har gindin ɗinya. Ya sami Asibi ta rame, da sabuwar ƙuna a ƙwauri. Ta buɗe kwalin ta leƙa.

"Likita, ɓera ne ya lashe su?"

"Danshi ne, Mama. Ki riƙa shan rabi, su kai mu wata guda."

Shi kuwa tun da ya baro makaranta bai sha ba, me zai sha? Bai san jikinsa ya saba da maganin ba. Barcin da ya addabe shi ya ɗauke ɗungurum, ƙarar taɓarya ma sai ta firgita shi. Rana ta uku aka yi gayyar noma a gonar doyarsu. Yana tsakiyar maza da fartanya, hantsi ya ɗaga, sai ya ga kunyoyin suna tasowa.

Da ya farfaɗo kansa na kan cinyar uwarsa, bakinsa cike da jini. Mutanen gayya suna tsaye can nesa, wasu sun toshe hanci da riga. Ita kaɗai ce a kusa, tana share masa kumfa da bakin zanenta. Ba ta kuka. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ni na tauna maka abinci kana jariri. An hana ni, ban ji ba."

A gida ya zaunar da ita da Selina ya faɗa musu komai, tun daga tsohon likita har taga da kofi da ɓoyon ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Ya ce lafiyarsa lau, rashin maganin ne ya kayar da shi, zai wuce. Selina ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar da ta gani a jakarsa sa'ad da take ciro kayan wanki. Ta karanta gefen Hausa da ƙarfi, tana bin layi da yatsa: Enoch Shekari, farfaɗiya, shekara uku yana kan magani.

"Ni na sa suka rubuta, Mama. Ƙarya na yi musu."

"Likitan birni, da karatunsa, ka yi masa ƙarya shekara uku?" Ta girgiza kai. "Na ga faɗuwarka da idona. Wa zai koya mini ita? Ashe duk shekarun nan maganinka kake aiko mini, ina sha ina yawon kasuwa."

Ya rantse da Littafi Mai Tsarki. Ya yi kuka kamar yaro. Ta bar shi ya gama, ta ɗauki kwalin ashanar ta ƙulle a bakin zane.

Da safe ta same shi a ƙofar ɗaki, da ƙoƙon ruwa a hannunta mai manannun yatsu. Ta ciro ƙwaya guda, cikakkiya, ba rabi ba.

"Mama, don Allah. Taki ce."

"In ba ka sha ba, yanzu zan zuba su duka a rafi. Ka san ni."

Ya san ta. Ya sa a baki, ya kurɓi ruwa.

"Buɗe baki," in ji Asibi. "Ɗaga harshe."

Ya buɗe, ya ɗaga. Ta leƙa sosai, ta ga ƙwayar a inda ya ɓoye ta, ta sake miƙa masa ƙoƙon. Ba ta motsa ba sai da ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

Sannan ta ƙulle sauran, ta saɓa tulu a kafaɗa, ta kama hanyar rafi ita kaɗai. Tun da ta koma faɗuwa ba macen da ke yarda ta jera da ita.