Rumfa a Farfajiya

Brou ya iso taron a makare, riƙe da kwanon abincin da ya dawo da shi daga asibiti ba a taɓa ba. An jera kujerun roba a farfajiya, inda motoci ke kwana. A wannan bene na unguwar Marcory a Abidjan kowa da sashensa da ya saya, amma tankin ruwa ɗaya ne, matakala ɗaya, kuma yau za a zaɓi kamfanin da zai riƙa kula da su.

Wata budurwa daga sabon kamfani ce ke magana. Ta ce za su gyara injin ruwa, su kawo masu shara, su sa fitila a matakala. Sharaɗinsu guda ne: farfajiya ta motoci ce. Ba biki, ba kafa rumfar zaman makoki.

"To, in mutum ya mutu fa, 'yata?" in ji tsoho Doumbia, shugaban taro. "A kan rufi za mu yi masa kuka?"

"Akwai ɗakunan taro na haya, Tonton," in ji budurwar, wato kawu.

Wani ya yi tari. Babu wanda ya dubi Brou.

Sai Gnahoré ya miƙe yana share gumi. Kamfaninsa ne ke riƙe da benen tun yaran gidan suna rarrafe, kuma bai taɓa hana kowa kafa rumfa ba. Ya rantse wannan karon zai gyara injin.

"Da bakinka za ka hura ruwan ya hau?" Tanti Solange ta hawan ƙarshe ta katse shi. "Gwiwoyina sun ƙare a matakalar nan da bokiti. Dubi tumbinka, Gnahoré, ko can ka ɓoye mana tankin?"

Aka yi dariya. Brou ya ji ta kamar daga wani gida take fitowa.

Wata da watanni Solange tana bi ƙofa-ƙofa don a kori Gnahoré, kuma matar Brou, Amoin, ita ce ke raka ta kafin ciwo ya kwantar da ita. Yanzu likita ya daina canza magani, sai dai ya dafa kafaɗar Brou ya wuce. In ya zaɓi Gnahoré, ya kama wa Amoin wurin rumfa ke nan tana da sauran numfashi. In ya zaɓi budurwar, danginta za su taso daga ƙauye a cusa su ɗakin haya, mai gadi yana duba agogo. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai ji komai ba, kamar mai tsungulin ƙafar da ta yi barci.

"Masu son sabon kamfani," in ji Doumbia.

Brou ya ɗaga hannu. Ya waiga dama da hagu. Shi kaɗai ne.

"Masu son Gnahoré."

Hannun Solange ne ya fara tashi, idonta na ƙasa. Sauran suka bi, har mutanen sama da suka manta rabon da famfonsu ya ɗiga. Gnahoré kansa bai yi murmushi ba.

Da ana tattara kujeru Brou ya tare Solange.

"Tanti, ke da gwiwoyinki?"

"Gwiwoyin nawa ne, ƙanena. Ka gaishe min da Amoin."

Bai hau sama ba. Ya ajiye kwanon a bakin matakala, ya fita titi ya tari mota.

A asibiti ya sami Amoin a farke, rana ta faɗo kan bargonta.

"Wa ya ci?" ta tambaya.

"Gnahoré."

"Har Solange?"

"Ita ce ta farko."

Amoin ta rufe ido. Ta daɗe haka, har ya fara duban ƙirjinta ko yana motsi.

"Kai fa?"

"Ruwa na zaɓa."

"Kai da taurin kai." Bakinta ya ɗan motsa, kamar za ta yi dariya. "Ka ce wa Gnahoré ya kafa rumfar ta fuskanci titi. Mutanenmu ba su san Abidjan ba, sai su wuce."

Brou ya ce to. Ya ɗago kanta a hankali, ya gyara mata matashi.