Muryar Mai Haɗa Sauti

A ofishin gasar shirye-shiryen rediyo da talabijin da intanet, kowa Goggo yake kiran mai kula da ɗakin ajiya, har shugaban da ya girme ta. Shekara ashirin da shida tana jera abin da 'yan takara suka aiko, wanda ya ci da wanda ya sha ƙasa, ba ta wariya. Ga faɗa, amma faɗan nata a baki ya tsaya.

Wata Laraba da hantsi wata malamar asibiti ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Goggo, muryar babana nake nema. Ina 'yar shekara shida ya rasu. Gidan rediyon da ya yi wa aiki sun ce sun naɗi wasu shirye-shirye a kan tsofaffin kaset ɗinsu. An ce ya taɓa shiga gasarku."

Goggo ta tambayi sunansa, ta jawo ƙatuwar rajista, ta bi layi da yatsa har ta kai sunan. Ba ya cikin masu gabatarwa. Mai haɗa sauti ne, mutumin da ke bayan gilashi yana murza na'ura. Irinsu sai su shekara talatin a rediyo ba wanda ya ji ko tarinsu. Tausayin yarinyar ya kama ta.

"'Yar nan, babanki muryar mutane yake gyarawa, tasa ba ta fita."

Malamar ta ɗauki jakarta, ta miƙe za ta tafi.

"Ina za ki? Na sallame ki ne? Ku yaran yanzu, kamar kun bar tukunya a wuta. Zauna."

Shirin da ya yi wa aiki yana cikin kwamfuta, amma waɗanda suka kwafe shi sun yanke kai da gindi, wai kada a ɓata wuri. Goggo kuwa ta san aikin. Kafin a fara naɗi, mai haɗa sauti kan matso ya gwada makirufo da bakinsa. Shi ya sa ta hana a zubar da kaset na asali, ana ta ce mata mai tara shara. Ta taka kujera gwiwa na ƙara, ta sauko da kwali, ta ciro kaset ɗin, ta juya shi da biro ya koma farko, ta saka a rikoda ta kunna.

Aka ji shuuu. Sai muryar namiji mai ɗan kaushi, kusa-kusa:

"Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Ana ji? To ku daure mu gama da wuri, an tashi makaranta, uwata na can bakin ƙofa tana jirana."

Kiɗan buɗe shiri ya shigo. Malamar ta riƙe gefen tebur, hawaye na zuba.

"Ni ce. Haka yake kirana. Goggo, a maimaita."

Goggo ta goge nata idon da bakin mayafi, ta kama hannun malamar ta ɗora a kan rikodar.

"Nan za ki danna. Ƙarfe biyar nake tashi, amma makulli a hannuna yake."